Idan Ƙwayar Cuta Ta Shiga Sabon Kwatangwalo: Yadda Ake Wanke Gaɓar Domin Ceton Ƙarfen

Aikin sauya kwatangwalo shi ne a yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a sa na ƙarfe a madadinsa, a kuma gyara ramin da yake juyawa a ciki a jikin ƙashin ƙugu. Abin da ake dasawa yawanci gida huɗu ne: sandar ƙarfe da ake cusawa cikin bututun ƙashin cinya, da ƙwallon ƙarfe ko na tangaran da ke zama a kanta, da ƙoƙon ƙarfe da ake kafawa a ƙashin ƙugu, sai shimfiɗar roba mai tauri da ke cikin ƙoƙon. Sanda da ƙoƙo manne suke da ƙashi, ko dai da simintin ƙashi ko kuma ƙashin da kansa ya tsiro ya kama su. Ƙwallo da roba kuwa ana iya ɓalle su a sa sababbi ba tare da an taɓa ƙashi ba, kuma da wannan damar ce likita ke aiki idan ƙwayar cuta ta shiga gaɓar da wuri.

A ƙasashen Turai galibin waɗanda ake yi wa wannan aiki tsofaffi ne da gaɓarsu ta cinye saboda shekaru. A arewacin Najeriya labarin ya sha bamban. Da yawa daga cikin masu kwanciya dominsa a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, matasa ne masu amosanin jini, wato sikila. Ciwon yakan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotse, har saurayi ɗan shekara 25 ya koma tafiya da sanda. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan ciwo a Najeriya duk shekara. Bayan su akwai tsohuwar da ta zame a banɗaki wuyan ƙashin cinyarta ya karye, da wanda ya yi hatsarin babur aka yi masa ɗorin gida bai kama ba.

Mutumin Mashi, da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ba a garinsu ake yi masa irin wannan aiki ba. Sai an kai shi wurin likitocin ƙashi a Katsina ko Kano ko Shika, mai hali kuma ya tafi Indiya ko Masar. Bayan 'yan kwanaki a sallame shi, ya dawo gida da ɗinki a gefen cinya. Ke nan makonnin da ciwon ya fi buƙatar idon likita, a tsakar gida zai yi su, nesa da wanda ya yi aikin.

Ƙwayar cuta ta daɗe tana bin wannan aiki. Lokacin da John Charnley ya kafa salon aikin na zamani a asibitin Wrightington da ke Ingila a farkon shekarun 1960, kusan mutum 9 cikin 100 na marasa lafiyarsa na farko ciwonsu ya ruɓe. Sai da ya gina ɗakin tiyata mai tace iska, ya sauya kayan da likitoci ke sawa, kafin adadin ya sauko zuwa kusan 1 cikin 100. A yau a asibitocin da ke da cikakken tsari abin yana tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100. Haɗarin ya fi haka ga mai ciwon suga da ba a daidaita ba, da mai ƙiba sosai, da mai shan taba, da wanda bai samun abinci mai gina jiki, da mai sikila, da wanda aka taɓa buɗe wa wannan gaɓar a baya.

Dalilin da ya sa ba a yi wa wannan matsala riƙon sakainar kashi shi ne, baƙon abu a cikin jiki yana karya garkuwar wurin da yake. A 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, sun nuna cewa sai an zuba ƙwayoyin sitafilokokus fiye da miliyan a fatar mai lafiya kafin ta yi mugunya, amma idan akwai zaren ɗinki guda a wurin, 'yan ɗaruruwa sun isa. Ƙarfe ba shi da jijiyar jini, don haka dakarun jini ba su da hanyar tsaron fuskarsa. Da ƙwayoyin sun sauka a kansa sai su manne, su fara fitar da wani yauƙi suna lulluɓe kansu, kamar gansakukar da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. A kwanakin farko yauƙin sabo ne, ana iya kankare shi, magani kuma yana ratsa shi. Bayan makonni uku zuwa huɗu ya yi kauri, ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa sun rage cin abinci da hayayyafa, maganin da zai kashe su a cikin jini ya daina yi musu komai ko da an ninka shi sau ɗari. Daga nan ba abin da ke raba su da ƙarfen sai a cire ƙarfen.

Shi ya sa likitoci ke raba cutar bisa lokaci. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2013 ta ce ana iya ƙoƙarin ceton ƙarfen idan ba a wuce kimanin kwana 30 da yin aikin ba, ko kuma idan alamomin ba su kai mako uku da farawa ba. Wasu cibiyoyi a Turai sukan ja wa'adin har zuwa wata uku, amma kowa ya yarda cewa kowane mako da ya wuce yana rage damar. Akwai kuma wani nau'in da ake yi wa irin wannan kallo: mutum ya yi shekaru lafiya lau da ƙarfensa, sai ƙwayar cuta ta taso daga maruru ko mafitsara ko ruɓaɓɓen haƙori, ta bi jini ta sauka a gaɓar, ciwo ya taso masa dare ɗaya.

Alama ta farko, kuma wadda aka fi rainawa, ita ce ɗinkin da ya ƙi bushewa. Lafiyayyen ciwon tiyata yakan ɗan yi naso kwana biyu ko uku, sannan ya ƙafe. Idan an kwana biyar, an kwana bakwai, kullum aka ɗaga bandeji sai a tarar da audugar ta jiƙe da ruwa fatsi-fatsi ko mai kalar ruwan nama, to akwai magana, ko da mai ciwon yana cin tuwonsa yana hira. Daga baya gefen ɗinkin yakan yi ja ko ya yi duhu da sheƙi, ya kumbura, ya yi zafi idan aka ɗora bayan hannu. Raɗaɗin da ya fara lafawa ya dawo, mai tafiya da sanduna jiya yau ya kasa taka ƙafar. Zazzaɓi yakan zo, amma ba kullum ba, kuma a ƙasar da kowane zafin jiki ake ce masa na cizon sauro, sau da yawa ana ɓata kwana uku ko huɗu ana shan maganin da ba shi ne ba. Ga mai sikila abin ya fi rikitarwa, domin shi da iyalinsa sun saba da ciwon ƙashi da zazzaɓi, sai su ɗauka tashin ciwon ne da aka saba.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kowanne tsada. Ɗan'uwa ya ruga kemis ya sayo kafso, a haɗiyi wasu, a fasa wasu a barbaɗa garin a kan ɗinkin. Wani ya kawo saiwa a daka a shafa. Niyyar kirki ce, amma sakamakon ba kyau. Maganin zai kwantar da ja da kumburin da ake gani a waje, a ɗauka an samu sauƙi, alhali can ciki yauƙin yana ƙara kauri. Sannan idan aka je asibiti aka ɗebi samfuri, ƙwayar ba za ta tsiro a ɗakin gwaji ba saboda maganin da ke cikin jini, likita ya rasa sanin wace ƙwaya yake yaƙa. Matuƙar mai ciwon bai galabaita ba, abin da ya dace shi ne kada a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ɗaya, a kira likitan da ya yi aikin a ranar, a kama hanya. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti ma taimakon da ya fi dacewa ya yi shi ne ya rufe ciwon da tsaftatacciyar auduga ya rubuta takardar turawa, kada ya matse shi ko ya zura ƙarfe a ciki. Idan kuwa jiki ya yi zafi rau, numfashi ya yi sauri, hankali ya fara gushewa, cutar ta shiga jini, ceton rai ya sha gaban komai: a ɗebi jini don gwaji, a fara allura nan take.

A asibitin ƙashi za a yi gwajin jini na CRP, wanda ke nuna ƙarfin kumburi a jiki. Shi wannan ma'auni yakan hau bayan kowace tiyata, ya kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku, sannan ya riƙa sauka. Idan ya ƙi sauka ko ya sake hawa, shaida ce. Za a ɗauki hoton ƙashi, ba don a ga ƙwayar cuta ba, sai don a tabbatar ƙarfen yana nan daram. Wani lokaci a zura doguwar allura cikin gaɓar a ɗakin tiyata, a zuƙo ruwanta a ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki. Goga auduga a bakin ɗinkin a kai ɗakin gwaji ba ya da amfani, domin ƙwayoyin fata zai kwaso. Idan alamomin sun bayyana sarai, gwanin likita ba ya zaman jiran sakamako na kwana da kwanaki.

Aikin ceton ƙarfen, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DAIR, ya haɗa abu uku: yanke ruɓaɓɓen nama da wanke gaɓa, ba da magani mai tsawo, da barin sanda da ƙoƙo a inda suke. Ba kowa ya cancance shi ba. Sai ƙarfen bai girgiza ba, fatar wurin za ta iya rufuwa, babu wata kafa da ta daɗe tana tsiyayar da mugunya daga gaɓar zuwa waje, ƙwayar kuma tana jin maganin da ake da shi.

Ana buɗe ciwon ta kan tsohon ɗinkin, a yanke gefunansa. Likita ba ya tsayawa a saman nama ko da ya ga kamar cutar ba ta yi zurfi ba, domin a kwatangwalo, a makonnin farko, abin da ke sama da abin da ke ƙasa a haɗe suke. Yana isa gaɓar sai ya ɗebi tsokar nama daga wurare daban-daban, yawanci biyar, kowanne da sabon almakashi da sabon ɗan kwalba, don kada samfuri ya gurɓata ɗan'uwansa. Idan ƙwaya iri ɗaya ta tsiro a biyu ko fiye, an kama mai laifi. Wasu ƙwayoyin masu jinkirin tsiro ne, shi ya sa ake ajiye samfurin har kwana 14 kafin a ce babu komai. A cibiyoyi da yawa, sai an gama ɗibar nan ake sakin allurar magani ta farko, kodayake wasu likitocin sukan ba da allurar rigakafi guda kafin yanka.

Daga nan a gurɗe gaɓar da gangan, a ɓalle ƙwallon, a zare robar. Wannan ya buɗe lungunan da ido ba ya kaiwa, musamman bayan robar da wuyan sandar, inda gudajin jini da yauƙi ke taruwa. A kwashe tsohon jini, a cire duk zaren ɗinkin ciki, a yanke kowane nama da ya yi fari ko toka-toka har sai an kai ga mai jini ja. Wannan sashe shi ne ainihin aikin, kuma ba a gaggawa a cikinsa. Wankin da aka yi sama-sama ta ƙaramar kafa bai cika haifar da ɗa mai ido ba. A jijjiga sanda da ƙoƙo a ji ko sun saki. A goge fuskar ƙarfen da buroshi, a kwarara ruwan gishiri na asibiti lita shida zuwa tara, galibi tare da jiƙa wurin na 'yan mintuna da ruwan aidin da aka surka. Bayan haka likitoci su sauya safar hannu da riguna, a sake shimfiɗa sababbin ƙyallaye, a kawo sabon tiren kayan aiki, a sa sabuwar roba da sabon ƙwallo, a mayar da gaɓa, a ɗinke.

Maganar sabuwar roba da sabon ƙwallo tana da nauyi na musamman ga mutanen wannan yanki. Kayan kowane kamfani ba ya shiga na wani, kuma kowanne yana da lambobin girma. Wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ya dawo ba tare da takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar ƙarfensa ba, zai iya tarar da likitan Kano a shirye yake amma ba robar da za ta dace. Kwanakin da za a ɓata ana nema daga Legas ko daga waje, daga cikin wa'adin nan na mako uku ake cire su. Don haka duk wanda za a sallama ya kamata ya nemi a ba shi rahoton aikin da lambobin da aka ɓanɓaro daga kwalin ƙarfen, ya adana su tare da takardunsa masu muhimmanci. Akwai kuma tsofaffin nau'o'in ƙarfe, irin waɗanda akan sa wa tsofaffi masu karaya, da aka ƙera sanda da kai a haɗe; su ba a iya sauya musu komai sai dai a wanke ko a cire gaba ɗaya.

Wuƙa ta gama nata, saura magani. Ana farawa da allura ta jijiya mai faɗin aiki, idan sakamako ya fito a koma kan wadda ta dace da ƙwayar. Mafi yawan lokuta sitafilokokus ce, kuma a kanta akwai magani guda da ya yi fice wajen ratsa sabon yauƙi, wato rifamfisin. A 1998 Werner Zimmerli da abokan aikinsa a Suwizalan sun wallafa gwajin da ya kafa wannan hanya: cikin waɗanda suka kammala shan magani, duka 12 da aka haɗa wa rifamfisin da wani magani mai suna sifuro sun warke, amma 7 kacal cikin 12 na waɗanda suka sha sifuro kaɗai. Sai dai rifamfisin ba a shan sa shi kaɗai, domin ƙwayar takan bijire masa cikin 'yan kwanaki, kuma akan jira ɗinki ya bushe kafin a fara shi. Yana mai da fitsari da hawaye ja-ja, abin da kan firgita wanda ba a gaya wa ba. Yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, da wasu magungunan tsinka jini, da wasu na cuta mai karya garkuwar jiki. Sannan shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa. Ba wa mai tarin fukan da ba a gano ba rifamfisin ba tare da sauran abokan haɗinsa ba yana iya haifar da tarin da ba ya jin magani, don haka wajibi ne a bincika ƙirji kafin a fara.

Tsawon shan maganin wata uku ne ga kwatangwalo. An gwada rage shi. Wani bincike da aka yi a Faransa kan mutum fiye da 400, aka wallafa a 2021, ya kwatanta mako 6 da mako 12: cutar ta dawo wa kimanin 18 cikin 100 na masu gajeren wa'adi, da kimanin 9 cikin 100 na masu dogon. Wani kuma a Birtaniya a 2019, kan mutum fiye da 1,000 masu cutar ƙashi da gaɓa, ya nuna cewa komawa maganin haɗiya da wuri bai gaza allura ba, muddin an zaɓi wanda hanji ke tsotsewa da kyau. Wannan sakamako na biyu sauƙi ne babba ga mutumin Mashi, domin yana nufin ba lallai ya yi mako shida a gadon asibiti a Kano, ga kuɗin gado ga na mai jinya ba. Na farkon kuma gargaɗi ne ga mai daina magani da zarar ya ji ƙarfi ko kuɗi sun ƙare. Ya kamata a lissafa kuɗin maganin wata ukun tun ranar da ake haɗa kuɗin tiyata. Idan watan azumi ya faɗo a tsakiya, a tattauna da likita yadda za a tsara lokutan sha, kada a tsallake.

Idan aka haɗa rahotannin asibitoci daban-daban, kimanin biyu cikin uku na masu wannan aiki a kwatangwalo suna rabuwa da cutar da ƙarfensu a jiki. Adadin yakan kai uku cikin huɗu idan an shiga tiyata cikin mako guda da fara alamu, aka kuma sauya ƙwallo da roba. Yakan faɗi idan ƙwayar mai taurin kai ce, ko mai ciwon yana da matsalar ƙoda ko hanta. Wasu likitocin sukan sake wanki na biyu idan na farko bai ci ba, amma maimaita shi sau uku ko huɗu ɓata nama ne da ɓata lokaci.

Idan wankin ya gaza, ko an zo a makare, sai cire ƙarfen. Ana iya cirewa a wanke a sa sabo a zama ɗaya, hanyar da Hans-Wilhelm Buchholz ya yaɗa a Hamburg ta Jamus tun shekarun 1970, shi ne kuma ya fara cuɗa maganin kashe ƙwayoyi cikin simintin ƙashi. Ana iya yin sa zama biyu: a cire, a sa wani abin riƙon ƙwarya na siminti mai magani, a yi makonni ana jinya, sannan a dawo a dasa sabo. Kowanne yana nufin sayen sabon ƙarfe, da ƙarin jini, da asarar wani ɓangare na ƙashi. Akwai kuma tsohuwar hanyar da ke ɗauke da sunan Girdlestone, likitan Oxford da ya bayyana ta tun kafin a ƙirƙiro waɗannan ƙarafa: a cire komai a bar wurin ba gaɓa, nama ya cike shi. Cutar takan mutu, zafi ya ragu, amma ƙafar za ta gajarce da santimita da yawa, mutum ya dogara da sanda da takalmi mai tudu har abada. Tsohon da jikinsa ba zai ɗauki wata tiyata ba, akan bar shi a kan magani na dindindin don a danne cutar kawai.

Mai sikila yana buƙatar ƙarin shiri a kowanne daga cikin waɗannan matakai. Saifarsa ta daina aiki tun yana yaro, don haka ƙwayoyin cuta sun fi samun galaba a kansa, kuma bayan sitafilokokus akan tarar da salmonela da danginta, waɗanda rifamfisin ba ya yi wa aiki. Kafin a shiga da shi akan yi masa ƙarin jini, a tabbatar bai bushe da ƙishirwa ba, a kiyaye shi daga sanyin ɗakin tiyata, a ba shi iskar shaƙa bayan an fito, tare da sa idon likitan jini.

Bayan sallama ta biyu, kulawar gida ita ce ta farko da ƙari. Ba a jiƙa ɗinki sai ya ƙafe, kuma ba a buɗe shi a tsakar gida cikin ƙura da ƙuda; ma'aikacin lafiya ne ke sauya bandeji da wankakken hannu da safa. Gaɓar da aka buɗe sau biyu ta fi saurin gocewa, don haka a watannin farko ba a tsugunawa a masai, ba a zama a tabarma ko 'yar kujerar tsuguno, salla kuma a kan kujera ake yin ta har likita ya ba da izini. Ana komawa asibiti lokaci zuwa lokaci a auna CRP da lafiyar hanta da ƙoda yayin shan magani, sannan a ci gaba da bibiya bayan an gama. Likitoci ba sa cewa an rabu da cutar sai an yi shekara ɗaya zuwa biyu da daina magani ba tare da zafi, ko kumburi, ko tsiyayar ruwa, ko alamar sakin ƙarfe a hoton ƙashi ba.